Me ya sa lambobin takardar safiyo suka saɓa da abin da waya ke nunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili mai ƙafa 50 a 100 a bayan garin Kano, safiyo ya auna ya ba ni takarda mai zane da lambobi a kowace kusurwa. Da na shigar da lambobin cikin manhajar taswira ta wayata, sai alamar ta faɗa cikin gidan wani, nesa da filina da kusan tsawon filin ƙwallo. Shin safiyon ne ya yi kuskure, ko kuwa filin wani aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zargi safiyo ko dillali, ka ɗauko takardar ka karanta ƙananan rubutun da ke samanta ko ƙasanta, domin nisan da ka ambata ya yi kama ƙwarai da wani saɓani da duk mai aikin taswira a Nijeriya ya saba gani.

Lambobin da ke nuna wuri a doron ƙasa ba su da ma'ana sai an san tushen da aka ƙirga su daga gare shi. Duniya ba ta da cikakkiyar siffar ƙwallo, ta ɗan faɗaɗa a tsakiya ta kuma ɗan shafe a ƙuryar arewa da ta kudu, ga tuddai da kwaruruka, saboda haka masana awon ƙasa sukan zaɓi wata siffa ta lissafi wadda ta yi kusa da ita, su ɗaure ta da wani sanannen wuri, sannan su auna komai daga nan. Wannan tushe shi ake kira datum. Wanda aka gada a Nijeriya tun zamanin Turawan mulkin mallaka shi ne datum na Minna, wanda aka gina a kan siffar lissafi ta Clarke ta 1880, aka kuma ɗaure shi da wata tashar awo mai lamba L40 a kusa da Minna. Wayarka kuwa tana aiki ne da WGS 84, tushen da taurarin ɗan'adam na GPS ke amfani da shi, wanda cibiyarsa take a tsakiyar duniya. Abin ya yi kama da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya: ranar guda ce, amma duk wanda ya karanta lambar wannan a matsayin ta wancan zai ɓata lissafi. Idan aka ɗauki lambobin Minna aka zuba su a waya ba tare da an juya su ba, alamar takan kauce da gomman mitoci, wani lokaci har ta haura mita 100, gwargwadon yanki da irin lambobin. Fili mai ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 a 30 ne kawai, don haka irin wannan kaucewa ta isa ta tsallake da kai gidaje biyar ko shida.

Akwai kuma batun shimfiɗa ƙasa a kan takarda. Ba a iya baje abu mai lanƙwasa a wuri mai faɗi ba tare da ya miƙe a wani gefe ba, shi ya sa ake yanka duniya zuwa siraran yankuna, a zana kowanne shi kaɗai. A tsarin UTM, wato tsarin yanka taswira da ake amfani da shi a faɗin duniya, yankunan 60 ne, kowanne da faɗin digiri 6, kuma Nijeriya ta faɗa cikin uku: Sakkwato tana yanki na 31, Kano da Kaduna suna na 32, Maiduguri tana na 33. Tsofaffin takardu da dama ma ba da UTM aka yi su ba, an yi su ne da tsarin ƙasa wanda ya raba Nijeriya zuwa shiyyar yamma da ta tsakiya da ta gabas. Lambobin waɗannan tsare-tsare mitoci ne, ɗaya na nuna gabas ɗaya na nuna arewa, ba digiri ba ne. Kuskuren yanki yakan jefa mutum ɗaruruwan kilomita, har wata jiha ko wata ƙasa, don haka ba na zaton shi ne ya same ka.

Wani tuntuɓen da ake yawan yi shi ne na rubuta digiri. Minti 60 ne ke yin digiri ɗaya, don haka digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5, amma sai mutum ya rubuta 12.30, alhali kowane digiri daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, kuma wannan ɗan bambanci kaɗai ya kai kilomita 22.

Ko da an juya lambobin daidai, a ganina bai kamata a kafa hujjar iyaka da waya ba. A fili mai sarari, wayar hannu takan yi kuskuren kamar mita 5, a cikin lungu ko gindin dogon gini kuma abin yakan fi haka, domin saƙon tauraron yana karo da bango kafin ya iso. Hoton sama da kake gani a Google Maps shi ma yakan ɗan zame daga ainihin wurinsa. Safiyo yana amfani ne da na'urori biyu, ɗaya a kafe a kan tashar da aka riga aka san lambobinta tana gyara wa ɗayar kuskure, har awo ya sauko zuwa 'yan santimita. Mita 5 ba komai ba ce ga mai neman hanyar gidan biki, amma ga mai haƙa harsashin katanga sulusin faɗin filinka ce.

Hukumomin filaye irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja suna fama da wannan matsala a kullum. Aikinsu shi ne ɗora bayanai hawa-hawa a kwamfuta, hoton sama a ƙasa, sai tituna, sai iyakokin fulotai, kowane fuloti kuma a haɗe da sunan mai shi da lambar fayil ɗinsa, kuma hawan ba sa dacewa da juna sai an mayar da su duka kan tushe ɗaya.

Abin da za ka yi shi ne ka nemi kalmar Minna ko WGS 84 a takardar, da lambar yanki, da hatimin safiyon, wanda ya kamata ya kasance mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyi rajista a Nijeriya. Idan Minna aka rubuta, ka roƙe shi ya juya maka lambobin zuwa WGS 84 ka sake gwadawa, kuma ina kyautata zaton alamar za ta dawo cikin filinka ko dab da shi. Idan ta ƙi dawowa, to sai ya biyo ka wurin da na'urarsa, a gaban maƙwabta da mai unguwa, a tono turakun simintin da aka kafa a kusurwoyi, a gwada lambar da ke jikin kowanne da wadda ke takarda, sannan ka kai takardar ofishin filaye a duba ko fulotin ya hau kan na wani kafin ka sauke bulo ko yashi.