Mura ta tafi, jin ƙanshi bai dawo ba

Malam, ka ce tun da ka yi mura ba ka jin ƙanshi, miya ma salam kamar ruwa. Ni ma na sha wannan, ko daddawa aka kara mini a hanci, shiru.

Can saman kogon hanci akwai jijiyoyi kusan iri 400 masu gane wari. Iska ke kai musu ƙanshi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa. Kumburi da majina ne ke tare hanyar. Harshe na gane zaƙi, ɗaci, tsami da gishiri, amma yawancin daɗin miya daga hanci yake.

Kada ka ɗauki kwanaki kana ɗiga maganin buɗe hanci, toshewar kan dawo fiye da da. Ka kula da tukunyar gas, tunda ba za ka ji yoyo ba. In rashin jin ƙanshin ya ja makonni, ko ka bugu a ka, je ka ga likitan hanci da maƙogwaro.