Tef ɗin da ke ɓacewa bayan an tayar da Linux a mainframe

Malam, ka ce duk sanda ka tayar da Linux a ƙarƙashin z/VM (tsarin IBM da ke raba mainframe, babbar kwamfuta, zuwa injina da yawa) sai ka sa hannu da kanka kafin na'urar tef ta 3490 ta fito, kuma kana zargin direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar. Ni dai a aikin da na yi da waɗannan injina ba kasafai direba ke da laifi ba. Direban tape_34xx ke riƙe 3480 da 3490, tape_3590 kuma na 3590, da zarar kernel (zuciyar Linux) ya ga na'urar yakan loda su da kansa. Yawanci bai ma gan ta ba ne.

Fara daga ƙasa. Buga vmcp q v tapes ka ga ko z/VM ya ba ka tef ɗin tukuna. In da umarnin ATTACH aka maƙala maka shi a lamba 181 to aro ne kawai, yana nan muddin ba a yi logoff ba, shi ya sa abin ke rikita mutane, ka sake kunna Linux daga ciki tef yana nan lafiya lau, washegari a kashe injin naka gaba ɗaya a sake logon sai ka nema ka rasa, ka fara tunanin wani abu ya lalace alhali babu abin da ya lalace. Na dindindin shi ne a sa layin DEDICATE 181 da ainihin lambar na'urar a directory ɗinka, inda z/VM ke ajiye saitin injinka. Amma don Allah ka fara magana da masu kula da z/VM, galibi na'urar ba taka kai kaɗai ba ce, in ka riƙe ta masu ajiye bayanai da dare za su tsaya cak, in kuma wani na riƙe da ita lokacin logon ɗinka ba za ka samu ba.

In z/VM ya nuna na'urar amma lscss (umarnin jera na'urori a Linux) bai nuna ba, cio_ignore ne, wato jerin na'urorin da aka ce Linux ya yi watsi da su. Sau da yawa tun wajen girka tsarin ake sa cio_ignore=all a ware 'yan kaɗan, tef kuwa ba ya cikinsu. cio_ignore -r 0.0.0181 zai fito da ita nan take amma ba ya wuce kunnawa ɗaya, haka ma chccwdev -e da ke kunna na'urar. Yi amfani da chzdev -e 0.0.0181, shi ne ke rubuta dokar udev (mai kula da na'urori a Linux) a /etc/udev/rules.d ta yadda zai dawwama. In ka taɓa zipl.conf (fayil ɗin saitin tayar da Linux) da hannu kar ka manta ka sake buga zipl.

Bayan nan lstape ya kamata ya nuna ta. Ka kula sosai, /dev/rtibm0 yana mayar da tef farko duk sanda aka rufe shi, in kana jera fayiloli a kaset ɗaya yi amfani da /dev/ntibm0, in ba haka ba na biyu zai hau kan na farko.