Amsa: Ina zan samu littafin soyayya na ƙauye mai ban dariya?

'Yar'uwa, kin ce kin gaji da labaran ɗan Alhaji mai bene da motoci, kina son soyayyar ƙauye wadda ba kuka a ciki. Akwai su, amma sai an tona. Yawancin littattafan da ke zuwa mana Tawa daga Kano suke, ta hanyar Ƙonni da Maraɗi, kuma tun shekarun 1980 marubutan can sun fi karkata ga birni. Ko sun fara da ƙauye, kafin shafi na ashirin an kai yarinya Abuja.

Yanzu kam ki nemi shiga rukunonin marubuta na WhatsApp da Facebook, ki tambayi labarin barkwanci na karkara. Ki duba shafukan farko: in kin ga dandali, da kaka mai tsokanar jika tana kiransa mijinta, da wasan taubasai, ki riƙe shi.

Ni abin da ke ba ni haushi, har yau ƙauyukanmu na Adar suna jiran mai rubuta su. Saurayi ya dawo daga cin rani a Abijan da faransanci rabi da rabi, budurwa na dashen albasa a Galmi tana yi masa dariya. Ke da kika iya zance, me zai hana ki gwada?