Me ya sa jiragen ƙasan Japan ke karkata a kwana?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani jirgin ƙasa mai amfani da lantarki a Japan yana shan kwana, jikinsa ya kwanta gefe guda kamar babur. Lalacewa ce ko da gangan ne? Kuma ba ya kifewa?

Amsa: Da gangan ne, ɗan'uwa, kuma ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi.

Japan ƙasar tsaunuka ce. Tsofaffin layukan dogonta matsattsu ne, faɗinsu milimita 1,067, ga kwana birjik. Abin da ke sa a rage gudu a kwana, tun kafin a zo batun kifewa, shi ne fasinja: za a riƙa fizgarsa gefe, na tsaye ya yi tangaɗi. Idan tarago ya kwanta cikin kwanar, fizgar sai ta koma tana danna mutum kan kujerarsa, jirgi ya wuce da gudunsa. Ƙafafun suna nan daram kan dogo, gangar jikin kawai ke karkata.

Jirgi mai karkata da ya fara ɗaukar fasinja a can shi ne samfurin 381, a 1973, tsakanin Nagoya da Nagano. An ƙera shi da alminiyom, aka sa na'urar sanyaya iska ƙarƙashin tarago don nauyi ya zauna ƙasa, yana karkata har digiri 5 da kansa, kamar lilo. To nan gizo ke saƙar. Lilon ba ya motsi sai an riga an shiga kwana, ya makara wajen kwanciya, ya makara wajen miƙewa. Mutane da yawa sun sha jiri da tashin zuciya a cikinsa.

Gyaran da suka yi shi ne ya fi burge ni. Ba su yar da dabarar ba, lokacinta suka gyara. Aka zuba wa kwamfutar jirgi bayanin kowace kwana da ke layin, sai ta fara kwantar da tarago a hankali tun kafin a iso. Haka samfurin 383 ke yi a layin Nagano, haka 883 tsakanin Hakata da Oita tun 1995. Wasu sababbin, irin su E353 mai zuwa Matsumoto daga Tokyo, jakunkunan iska da ke ƙarƙashin tarago ke karkata su, digiri 1.5 kacal, ga sauƙin gyara.

Shi kuwa 381 ya haura shekara 50 yana aiki. Sai a watan Yuni na 2024 ya sauka daga jigilar yau da kullum tsakanin Okayama da Izumo, samfurin 273 ya gaje shi.