Dayarin Jules Renard da tambayar da ka min

Ɗana, ka ce na matsa maka ka riƙa rubuta dayari kullum alhali kai labari kake son rubutawa, wai me ya haɗa kifi da kaska. To bari in baka labarin wani Bafaranshe, Jules Renard.

Ya fara dayarinsa a 1887 yana ɗan shekara 23, bai ajiye biro ba sai 1910 da ya rasu yana da 46. Kuma fa da ransa ba da dayarin aka sanshi ba, an sanshi da Poil de Carotte na 1894, labarin yaro mai jan gashi da uwarsa ta tsana take gasa masa aya a hannu, wanda kusan yarintarsa ce ya kwashe ya zuba. Dayarin sai tsakanin 1925 da 1927 aka buga shi, shi kuma yau shine marubuta suka fi ɗauka.

Abinda nake so ka lura, ba wai yana zama yana rubuta yau na ci kaza na je wuri kaza bane. Ido yake horarwa. Zai ga manomi a ƙauyensu Chitry, inda har magajin gari ya zama a 1904, ko ya ji wata magana a bakin manyan marubutan Paris, sai ya matse abin cikin layi ɗaya ko biyu yayi ta aske shi har sai babu kalmar da za ka cire jimlar bata faɗi ba. Wannan hannun ne ya kai shi a littafinsa na dabbobi ya siffanta maciji da cewa ya cika tsawo, shikenan, ya wuce. Kamar yaron tela ne da ƙyallaye, a kansu ake gyara hannu kafin a baka shaddar mutane.

Kuma baya ragawa kansa, nan ne ma yawancinku kuke faɗuwa wallahi, kuna rubuta dayari kamar wanda za'a karanta a taron walimarku. Shi hassadar da yake wa abokan sana'a idan littafinsu ya karɓu ya rubuta ta ƙarara. Mahaifinsa ya harbe kansa a 1897, mahaifiyarsa ta faɗa rijiya ta mutu a 1909, duk ya rubuta abinda ya gani da abinda ya ji a ransa, har wanda bai kamata ɗa ya ji ba.

Tasirinsa kuwa, Somerset Maugham na Ingila da ya fitar da nasa littafin na rubuce-rubucen ajiya a 1949 da zancen Renard ya buɗe gabatarwar. Samuel Beckett ma, wanda ya ci Nobel a 1969, ya karance shi tun yana saurayi yana kuma yabonsa, in ka duba gajerun jimlolin Beckett busassu ɗin nan ba za ka yi mamaki ba.

Sai dai ka kiyaye da sunayen mutane. Abinda ke hannunmu ba duka bane, matarsa ta sa an cire wasu wurare sannan ta ƙona asalin rubutun, don mutanen da ya taɓa da yawa suna raye lokacin. Kai dai sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu, layi uku a rana ya isa, abinda idonka ya gani banda sharhi, ranar Asabar ka kawo min mu duba tare.