An cire min kuɗi a asusu ba da sanina ba, yaya zan yi?

'Yar'uwa, kin ce tun jiya layinki ya ɗauke, yau kuma kika tarar an cire kuɗi sau uku a asusunki. Allah ya mayar miki da alheri. Ɗaukewar layin nan ita ta fi damuna, domin alama ce ta wani ya yi welkom-bak da sunanki, wato ya karɓi sabon sim mai lambarki, saƙon OTP, lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da cire kuɗi, yana shiga wayarsa.

Kada ki kwana. Ki kira bankinki yanzu su toshe asusun da katin, gobe da sassafe ki je reshe ki rubuta ƙorafi, ki karɓi lambar shaidarsa da sitatimen. Saurin yana da dalili: idan kuɗin suna nan a asusun da aka tura su, bankinki na iya neman wancan bankin ya riƙe su. Daga nan sai ofishin kamfanin layi da NIN ɗinki, ki karɓo layinki, ki canja PIN.

Idan mako 2 ya wuce ba su warware ba, ki kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Wanda kuma ya kira ki yanzu yana cewa zai dawo da kuɗin in kin karanto masa BVN, cikin ɓarayin ne, ki kashe wayar.