Ɗana ba ya shiga cikin yara a filin wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana yana da shekara bakwai, yana aji biyu na firamare. Malamarsu ta shaida mini cewa idan an fita tara, jingina yake yi da bango yana kallon 'yan ajinsu suna wasa har a kaɗa ƙararrawa, alhali a gida bakinsa ba ya rufuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, amma abin yana nan. Yaya zan yi? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, ina roƙonki ki daina faɗan, domin yaron da ke ɗari-ɗari da mutane, idan aka tsawata masa a kan haka, ƙara noƙewa yake yi.

Yaran da ake gani su kaɗai a filin wasa ba halinsu ɗaya ba. Akwai wanda wasan kaɗaici ne ya fi masa daɗi, hankalinsa kwance; akwai wanda aka mayar saniyar ware saboda tsangwama; akwai kuma wanda ransa ke son shiga amma tsoro ya riƙe shi. Yadda kika kwatanta ɗanki, yana tsaye idonsa a kan masu wasa, ya fi kama da na ukun, sai dai ki nemi malamarsa ta sa masa ido na mako guda, ta tabbatar ba wanda ke cin zalinsa. Idan akwai, wannan za a fara magancewa.

Irin wannan hali ba laifin tarbiyya ba ne. Binciken Jerome Kagan na Jami'ar Harvard a Amurka ya nuna cewa wasu yara tun suna jarirai suke firgita da baƙon abu fiye da sauran. Tun 1932 kuma Mildred Parten ta lissafa kallon masu wasa da yin wasa gefe da gefe a cikin matakan da yara ke bi kafin wasan haɗin gwiwa. Saboda haka tsayuwar nan tasa wata ƙofa ce da za a bi a shigar da shi.

Kuskuren da manya suka fi yi shi ne kama hannun yaro a kai shi tsakiyar yara ashirin a ce, “Ku yi wasa da shi.” Taro shi ne ainihin abin da yake gudu. Aboki ɗaya yake bukata. Ki tambaye shi wane yaro ne yake jin daɗin zama kusa da shi, sannan ki roƙi malamar ta haɗa su aiki tare, kamar raba littattafai ko ɗauko ƙwallo lokacin tara. Wanda ƙwallo ke hannunsa ba sai ya nemi izinin shiga wasa ba, yara ne za su zo wurinsa. Idan da hali, ki gayyato wannan yaron zuwa gidanku na awa ɗaya, inda ɗanki ya saba sakewa. Kada kuma ki raina wasa da ƙananan yara: wani bincike da Wyndol Furman da abokan aikinsa suka wallafa a 1979 ya gano cewa yara masu noƙewa da aka haɗa wasa da wanda bai kai su shekaru ba sun ƙara cuɗanya da tsaransu daga baya.

A gida, ku riƙa gwada shiga wasa kamar wasan kwaikwayo: ya matso kusa, ya lura da abin da ake yi, ya fara yin irinsa. Wannan ya fi tambayar “Zan iya shiga?”, wadda sau da yawa yara ke amsawa da a'a ba tare da wani tunani ba. Ki kuma guji ce wa mutane a gabansa “ai shi kunya gare shi”, don suna irin wannan manne wa yaro yake yi.

Idan kuwa kika gano ba ya magana da kowa a makaranta sama da wata guda, ko ciwon ciki na kama shi kullum da safe idan za a tafi, ko ba ya jin kira sosai, to ki kai shi wurin likitan yara a duba jinsa da maganarsa da yanayin damuwarsa.